An Ƙidaya Shi Sau Biyu

Litinin, 2 ga wata

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe ki da aiki, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Ni lafiya lau, ban da gwiwar hagu, wadda kin riga kin san halinta.

Kin kira ni sau biyu a makon jiya ban ɗauka ba. Ba fushi ba ne. Na sha gaya miki kunnena ɗaya ba ya kama magana a waya, kuma abin da aka faɗa a waya ba shi da shaida. Shekara ashirin da shida na yi ina tantance wasiƙu a gidan waya, ban taɓa ganin takarda ta musanta abin da aka rubuta a cikinta ba. In kina da magana, ki rubuto.

Za ki ce takarda tana daɗewa. Haka ne, kuma ba laifin ma'aikata ba ne. Daga tagar ɗakina ina hango rufin ofishinku a ƙetaren kogi, tafiyar minti ashirin a bas. Amma wannan takarda sai ta fara zuwa babban birnin jiharmu, kilomita ɗari da tamanin, a buga mata hatimi, a miƙa ta babban birnin jiharku, sannan ta gangaro wurinki. Kwana huɗu. Gari ɗaya ne a ido, amma iyakar jiha ta bi ta tsakiyar ruwa, kuma buhun wasiƙa ba ya tsallake iyaka kai tsaye. Haka muka tarar, haka muka bari.

Yau mako biyu da masu ƙidaya suka zo layinmu. Kafin su zo, shugaban unguwa ya tara mu a wani aji na makarantar firamare, manya da mu a kan bencin yara. Ya rubuta lambobi a allo. Wai a ƙidayar baya garin nan gaba ɗaya, Gabas da Yamma, mutum dubu ɗari huɗu da goma sha biyu ne. Ku na Yamma dubu ɗari biyu da sittin, mu saura. Wai yanzu matasa duk sun gangara can inda ƙasa take a shimfiɗe kuma masana'antu suke, sun bar mana duwatsu da tsofaffi. Sai ya ce duk mai ɗa ko 'ya a ƙetare ya rubuta shi a nan, tunda nan aka haife shi.

Na miƙe da sandata na ce, "Shugaba, ƙarya kake so mu yi da bakinmu, gwamnati ta buga ta a littafi?"

Ya ce, "Haba Maman Wasiƙa, wace irin ƙarya? Kishin gida ne. Su na can ba haka suke yi ba?"

Na ce, "Su za a tambaya, ba ni ba. Kai da ka rubuta goma sha biyu kamar ashirin da ɗaya, fara gyara allonka tukuna."

Mai shagon bakin tasha ya yi dariya har ya faɗo daga benci. Matar tela ta ce in zauna kada gwiwa ta tashi. Na zauna, amma na riga na faɗa.

Wadda ta zo gidana yarinya ce kamar sa'arki, da jaka a kafaɗa da alli a hannu. Ta rubuta lamba a ƙofata a karkace. Na ba ta kujera da ruwa, na amsa tambayoyinta, na sa hannu. Ke ban saka ki ba, tunda can kike kwana.

Yanzu takardun sun dawo hannunku, ku masu dubawa. Kin yi rantsuwa ranar da aka ɗauke ki aikin nan. Ki tuna rantsuwa ba ado ba ce. Kada ki gyara wa kowa lamba, ko da shi ya haife ki. Ki rufe tagar ɗakinki da yamma, iskar kogi ba ta yi wa ƙirjinki daɗi.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki

*

Juma'a, 6 ga wata

Mama,

Wa'alaikumus salam. Na gaishe ki da kyau, ya gwiwa? Takardarki ta iso yau da rana, ta sha hatimi har uku, ta fi ni yawon duniya. Na yi dariyar shugaban unguwa har abokiyar aikina ta ce in ba ta ta karanta, na hana.

Aiki ya yi yawa. Mu arba'in ne a wani dogon ɗaki, ana karɓe wayoyinmu a ƙofa. A bango akwai taswirar garin, kogi ya raba ta biyu, ƙananan hukumomi uku a Yamma, biyu a Gabas. Bana ne karo na farko da jihohin biyu suka yarda a zuba takardunsu a kwamfuta ɗaya. Shugabarmu ta ce dalilin da ya sa ake lissafa mu gari ɗaya shi ne mutum dubu talatin da ɗaya suna tsallake gada kullum, su yi aiki a wannan jiha su kwana a waccan. Don haka doka ɗaya ce: inda mutum ya saba kwana, nan za a ƙidaya shi.

Aikina shi ne sunayen da suka fito sau biyu. Mun samu sama da dubu shida. Mutanen tsibirin tsakiyar kogi ma duk an ƙidaya su biyu-biyu, kowace jiha ta ce nata ne. Akwai wani tsoho da ya fito sau huɗu, kowace 'yarsa ta rubuta shi a gidanta.

Mama, ban san yadda zan faɗi wannan ba, don haka zan faɗa kawai. Shekaranjiya sunan Yaya ya fito a gabana. Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sunan uwa ɗaya. Sau ɗaya a Yamma, sau ɗaya a gidanki. Na duba takardarki ko yarinyar ce ta yi kuskure, sai na ga sa hannunki, irin wanda kike ja wa layi a ƙasa. Mutum biyu kika ce. Mama, shekara huɗu ke nan Yaya bai kwana a gidanki ba.

Na kai wa shugabarmu na ce 'yan gidanmu ne, ta ba wani ya riƙe. Yau an aika wa gidajen biyu takardar hukuma. Ɗaya daga cikin masu gidan zai sa hannu cewa ba a gidansa mutumin yake kwana ba, a dawo da ita kafin ƙarfe goma sha biyu na ranar Juma'a, 20 ga wata. Wanda aka samu da bayanin da ba daidai ba, za a kira shi gaban kwamiti ya yi bayani, shi ke nan. Amma in ba wanda ya sa hannu, ko kuma duka biyun suka sa, kwamfuta za ta cire sunan daga gidajen biyu. Ba za a ƙidaya shi ko'ina ba.

Na gaya miki ne don kada takardar ta zo miki ba zato. Tagar tana rufe.

'Yarki,
Auta

*

Asabar, 7 ga wata

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama da gaisuwa, na ga takardarki.

Abu na farko. Kin rubuta ta jiya Juma'a, ta zo hannuna yau da safe. Babu kan sarki, babu hatimi ko ɗaya, kuma gefenta ya yi baƙi da man inji. Mai shago ne ya kawo mini, ya ce wai "wani ne ya bayar." Na ce masa wani ba shi da fuska? Ya ce shi dai kansa yana ƙasa yana auna sukari. Ni za ku yi wa wannan? Ni da nake gane garin da takarda ta fito tun kafin in juya ta? Wannan kuma ta gidan waya zan aiko ta, yadda doka ta tsara.

Abu na biyu. Ba kuskuren yarinyar ba ne, kada a taɓa ta. Ta karanta mini tambayar sarai, da kunnen dama na ji ta, mai lafiyar. Na ce biyu. Ta ce wa da wa, na faɗa, ta rubuta. Ba don shugaban unguwa na yi ba, kuma ba don jiha ba. Jiha ba ta san ina raye ba sai ranar ƙidaya.

Ke kina makaranta lokacin da abin ya faru, kin ji rabi ne. Saura wata huɗu yayanki ya gama kwalejin horon malamai. Wata huɗu. Mahaifinku ya rasu yana ambaton ranar da zai ga ɗansa a gaban allo. Sai ga shi ya shigo mini da hular kamfanin bas a hannu, wai an ɗauke shi direba, wai shi aji ƙunci yake sa masa, titi yake so. Na ce, "Wanda ya yar da littafi ba zai kwana ƙarƙashin rufin nan ba." Ya ce, "To Mama." Ya ɗauki jaka ɗaya ya fita. Da ya yi gardama ma da ya fi. Ɗan kirki in uwarsa ta yi faɗa, yakan dawo washegari ya durƙusa. Shi ya ɗauki maganata kamar takardar kotu.

Har yau ban canja ra'ayi ba. Abin da ya yi wauta ne, kuma wauta ba ta zama hikima don ta shekara huɗu.

Amma ga abin da zan tambayi shugabarku. Ta ce garin nan ɗaya ne saboda mutane suna tsallake gada. To, bas mai lamba bakwai, wadda yake tuƙawa, tana wucewa ta ƙofata sau takwas a rana, daga shida da rabi na safe zuwa biyar da minti arba'in. Wane ne a layin nan yake wuce ƙofar uwarsa sau takwas? Gadonsa yana nan, ana wanke zanen kowane wata. Littattafansa suna kan kanta yadda ya bar su. In tsallake gada ya isa ya haɗa jiha biyu, ban ga dalilin da ba zai isa ya haɗa ɗaki biyu ba.

Na san amsar. Inda mutum ya saba kwana. Ba sai kin maimaita ba.

Yanzu ki gaya mini abin da ke cikin takardarsa. A wace unguwa yake? Ɗakin haya ne? Shi kaɗai ne ko da abokan banza? Kin gani da idonki, ni kuma uwarku ce.

Allah ya shirya ku duka.

Mahaifiyarki

*

Laraba, 11 ga wata

Mama,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Ba zan iya gaya miki abin da ke cikin takardarsa ba. Na yi rantsuwa, kuma wata mata da ta yi shekara ashirin da shida a gidan waya ta rubuto mini cewa rantsuwa ba ado ba ce, ko da wanda ya haife ni ne. Takardarta tana nan a jakata, da shaida.

Abin da na sani ba ta hanyar ofis ba kuma, na Yaya ne, shi ya kamata ya faɗa. Ya ma faɗa, Mama. Sau uku ya rubuto miki. Sau uku kika rubuta "A mayar wa mai ita" a baya, kika ja layi a ƙasa, ko buɗewa ba ki yi ba. Kowacce ta yi kwana huɗu zuwa, kwana huɗu dawowa. Ranar da ta ukun ta dawo ina wurin. Ya juya ta, ya ce, "Rubutun Mama dai bai lalace ba." Ya saka ta a aljihu ya tafi aiki.

E, shi ne yake kai takarduna. Ina tsayawa a tashar bakin ofis in miƙa masa ta taga, shi kuma ya miƙa wa mai shago. Bai taɓa tambayata abin da ke ciki ba. Abin da yake tambaya kullum ɗaya ne: "Labulen tagarta a ɗage yake jiya, lafiya dai ko?" Ko kuma, "Yau labulen a sauke yake, je ki duba ta." Zuwan da na yi miki watan jiya ba zato, da kika ce na zo cin abincin banza, shi ya turo ni.

Saura kwana tara. In za ki bi ta gidan waya, ki tuna kwana huɗun nan naki.

'Yarki,
Auta

*

Alhamis, 12 ga wata

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa.

Kin yi daidai da kika ƙi faɗa. Na ji haushi, amma kin yi daidai. Sai dai ki rage kaifin baki in kina rubuta wa uwarki.

Ban ma buƙaci bakinki ba. Takardar hukuma ta iso shekaranjiya. Layi biyu ne a samanta. Gida na farko, adireshina, mutum biyu. Gida na biyu, lamba goma sha ɗaya a layin bayan masana'antar kwalabe, mutum uku.

Uku. Na yi lissafi a makaranta, ba sai an taya ni ba. Ban san ko abokan haya ne ba, amma abokan haya ba sa rubuta kansu gida ɗaya.

Na san layin nan, ko da yake ban taɓa taka shi ba. A kan teburina na gidan waya na san shi. Duk damina wasiƙun da muka aika layin sukan dawo a jiƙe, masu rabawa su rubuta "ruwa ya hana shiga." Can ne ƙasa ta fi kwari a duk Yamma, tsohon gadon kogi ne aka cike aka yi gini a kai. Mutumin da aka haifa a kan dutse, inda ruwan sama ba ya minti goma a ƙofar gida, ya je ya ajiye iyali a cikin kwari. In akwai ƙaramin yaro a gidan, danshi zai kama masa ƙirji. Ku duka biyu da raunin ƙirji aka haife ku, daga wajen mahaifinku. Wannan ba tambaya ba ce, kada ki amsa.

Maganar ta riga ta fita. Mai raba wasiƙa ya ga tambarin ofishinku, ya gaya wa matar tela, shi ke nan an gama. Jiya na fita sayen sabulu, sai ga shugaban unguwa a bakin shago, ya cire hula har ƙasa.

Ya ce, "Maman Wasiƙa, ashe ke ma 'yar kishin gida ce! Da kin faɗa mana tun a aji, ai da mun tafa miki."

Na ce, "Kai ka rubuta 'ya'ya bakwai da ke ƙetare don kujerarka. Kada ka haɗa ni da kai."

Ya ce, "To ke don me kika rubuta naki?"

Mai shago ya ce, "Shugaba, ga canjinka, ana jiranka a gida." Ba wanda yake jiransa. Na ɗauki sabuluna na dawo.

Ya yi tambaya mai kyau, ko da yake daga bakin banza ta fito. Ƙarya ƙarya ce, ba ruwanta da dalili. Abin da na koya muku ke nan, kuma ban janye ba. Zan iya tsayawa gaban kwamiti, na tsaya gaban waɗanda suka fi su. Ba kwamiti ne ya hana ni ba. Takardar tana kan keken ɗinki, alƙalami yana kusa da ita. Jimla ɗaya ce za a sa wa hannu: "Wannan mutum ba ya zaune a gidana." Sau ɗaya na taɓa faɗin irinta da baki, kin ga abin da ta jawo. Yanzu ana so in rubuta ta, in ja layi.

Ban sa hannu ba tukuna. Kada ki tambaye ni yaushe.

Game da labule: ina ɗage shi ne don hasken ɗinki.

Allah ya tsare.

Mahaifiyarki

*

Talata, 17 ga wata

Mama,

Assalamu alaikum. Ina durƙusawa ina gaishe ki. Ban saka wannan a ambulan ba, na ninke ta kawai, don kada a sami wurin rubuta a mayar. In kin ga dama ki yage, ba zan ji haushi ba. A kan sitiyari nake rubutu lokacin hutun rana, ki yi haƙuri da rubutun.

Ni ma takardar hukumar ta zo mini. Da na ga adireshinki da "mutum biyu," na zauna a bakin gado ban san tsawon lokacin ba, har matata ta ce ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, ƙidaya ni aka yi.

Ina da mata, Mama. Ma'aikaciyar jinya ce a asibitin yara. Abin da ke cikin takarda ta biyu da kika mayar ke nan. Muna da 'ya, shekararta biyu da wata uku. Abin da ke cikin ta uku ke nan. Ta farko ban haƙuri ce kawai. Duk suna nan a akwatin gaban mota, ban buɗe su ba tunda ba nawa ba ne. Yarinyar tana ɗaure fuska in an yi ba daidai ba, tana nuna mutum da yatsa. Kwandastana yana tsoronta.

Auta ba ta gaya mini komai ba, amma a bas ake jin labarin gari. Na ji abin da shugaban unguwa ya yi miki a bakin shago. Ba zan bari ki tsaya gaban kwamiti da sanda kina bayani ba, mutanen da kika yi wa faɗa a aji suna leƙe ta taga. Ranar Juma'a ba ni da aikin safe. Zan je ofishin in sa hannu cewa ba a lamba goma sha ɗaya nake kwana ba, ni za a kira. Matata ta yarda. Ta ce takarda ce kawai, ita ta san inda nake kwana. Maganarki za ta tsaya yadda kika faɗe ta.

Ba na neman komai da wannan. Ban koma kwaleji ba, kuma ba zan yi miki ƙarya cewa zan koma ba. Ina son aikina. Akwai wuri a tsakiyar gada, a ginshiƙi na tara, inda kwaltar jiharmu ta ƙare taku ta fara, mota takan yi ɗan tsalle. Daga nan ake fara hango tagarki. Sau takwas a rana. Ya ishe ni.

Ki huta lafiya. Allah ya ƙara girma.

Ɗanki

*

Laraba, 18 ga wata

Zuwa ga ɗana, direban bas mai lamba bakwai,

Wa'alaikumus salam. Na karanta. Rubutunka ya lalace.

Kada ka kuskura ka sa hannu a takardar nan. Ban haifi ɗan da zai rubuta cewa ba ya kwana a gidan 'yarsa ba. Littafin ƙidaya yana shekara goma kafin a sake wani, ba za a buɗe shi a ga yarinya da uwa babu uba ba saboda ni. Ƙaryar tawa ce, ni zan ɗauke ta.

Na sa hannu a tawa yau da safe, na ja layi. Gidana mutum ɗaya ne. In kai ma ka sa, za su cire ka daga ko'ina, don haka ka ajiye alƙalaminka.

Gidan waya kwana huɗu yake yi, saura biyu. Dole in kai ta ofishin da kaina. Wannan wasiƙar kuma mai shago zai miƙa maka ta taga. Gobe zan tsaya a tasha, motar goma da kwata. Ka tsaya daidai kan alama, ba yadda ka saba wuce ta da taku biyu ba, gwiwata ba ta bin mota. Kujerar gaba nake so. Zan biya kuɗin mota kamar kowa.

Ka fito da takardun nan uku. Sunana ne a kansu, nawa ne.

In mun gama da ofis, za ka nuna mini lamba goma sha ɗaya. Ina so in ga inda ruwa yake kaiwa a bango.

Mahaifiyarka